"Nawa ne?": Tambayar da kasuwancin intanet ya kasa amsa wa manoman Gwandu da Kalgo

Duk wanda ke bibiyar tallace-tallacen da 'yan kasuwar Jihar Kebbi ke sakawa a Facebook da WhatsApp ya san yadda abin ke gudana. Mai shago zai ɗora hoton famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, ko ƙofar ƙarfe, ko gadon amarya. Kafin a jima mutum ashirin sun rubuta a ƙasa: "Nawa ne?" Amsar kuma kusan kullum ɗaya ce: "Biyo ni ta ciki mu yi magana."

Da yawan masu saye na ɗaukar wannan amsa a matsayin wayo, wato mai kaya na son ya fara auna aljihun mutum kafin ya yanka masa farashi. Akwai masu yin hakan, babu musu. Amma mafi yawan lokuta gaskiyar maganar ta fi haka sauƙi: mai kayan shi kansa bai san nawa ba ne, sai ya ji abin da mai sayen ke buƙata.

Wannan giɓi, tsakanin hoton da ke waya da farashin da za a iya dogaro da shi, shi ne ya hana cinikin intanet yin nisa a garuruwa irin su Gwandu da Kalgo. Manyan kamfanonin duniya sun sha fama da irinsa, sun kuma kashe biliyoyin daloli kafin su toshe shi. Ba a buƙatar biliyoyi a Kebbi, amma akwai buƙatar a fahimci abin da suka yi, a ɗauki mai amfani, a bar sauran.

Famfo ba sabulu ba ne

Sabulu da wayar hannu da takalmi kaya ne da aka gama haɗa su tun daga masana'anta. Farashinsu ɗaya ne, ko wa ya saya. Irin waɗannan ne Jumia da Konga suka gina kasuwancinsu a kai tun 2012, kuma tsarin ya yi musu aiki daidai gwargwado: ga hoto, ga farashi, ka latsa, ka biya.

Famfon sola ba haka yake ba. A ɗauki manomin rani a fadamar Gwandu da ya gaji da sayen fetur. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Manomin da injinsa ke shan lita da yawa a kowane ban-ruwa bai buƙatar wani ya yi masa wa'azin amfanin hasken rana. Abin da yake buƙata shi ne ya san nawa zai kashe.

To amma kafin a ba shi amsa sai an san abubuwa da yawa. Daga ina zai ɗebo ruwan, kogi ko tafki ko rijiyar burtsatse? Idan rijiya ce, zurfin ruwan nawa ne a watan Maris da Afrilu, ba a watan Nuwamba ba lokacin da ƙasa ke jiƙe? Famfon da ke zaune a bakin rijiya ba ya iya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce mita 7 zuwa 8, komai ƙarfinsa. Idan ruwan ya fi haka nisa, dole sai famfon da ake zurawa ciki. Faɗin gonar fa? Shinkafa zai shuka ko albasa, tun da ƙishirwarsu ba ɗaya ba ce? Tiyon inci biyu zai ja ko inci uku, kuma tsawon mita nawa?

Kowace amsa na sauya ta gaba. Famfo mai ƙarfin doki ɗaya na cin wat 746 a lissafi, amma wanda ya haɗa masa faifan sola na wat 746 cif ya cuce shi, domin ƙurar hunturu da zafin bazara duk suna rage abin da faifai ke bayarwa. Sai an ƙara. Idan an ƙara faifai, ƙarfen da za a ɗora su ya ƙaru, waya ta ƙaru, kuɗin mai haɗawa ya ƙaru, kuɗin mota daga Birnin Kebbi ko Sakkwato ya ƙaru.

Haka abin yake ga malamin jami'a ko ma'aikacin asibiti a Kalgo da ke son wutar sola a gida saboda rashin tabbas na wutar kamfanin rarraba lantarki na Kaduna, wanda Kebbi ke ƙarƙashinsa. Inbata mai bolt 48 na buƙatar batir huɗu masu bolt 12 a jere. Uku ba za su tashe ta ba, biyar kuma ba su da wurin zama. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 na riƙe da wutar da ta kai kilowat 2.4 na awa ɗaya a takarda, amma idan irin mai ruwan asid ne, wanda ya saba zuƙe fiye da rabinta kullum zai binne batirinsa da wuri. Firiza kuma na fizgar wuta ninkin abin da aka rubuta a jikinta a daidai lokacin da take tashi.

Duk waɗannan ƙa'idoji ne, kuma a yau suna zaune ne a kan mutum ɗaya: mai shagon, ko babban yaronsa. Idan ya tafi Kano sarin kaya, ko yana masallaci, ko cajinsa ya ƙare, kasuwar ta tsaya. Idan kuma ƙaramin yaron shago ya yi ƙarfin hali ya ba da farashi daga kansa, sai a wayi gari an kai wa manomi famfon da ba zai iya jawo ruwan rijiyarsa ba, bayan ya riga ya yi yayyafin iri. Wannan asara ba ta tsaya a kuɗin famfo ba. Noman shekara ne ya tafi.

Yadda manya suka yi da tasu matsalar

A ƙarshen shekarun 1970 wani kamfanin kwamfuta na Amurka mai suna Digital Equipment Corporation ya samu kansa a irin wannan hali. Manyan kwamfutocinsa ana haɗa su ne bisa buƙatar mai saye, kuma wakilan tallansa kan rubuta oda a manta da wata waya, ko a haɗa sassan da ba sa aiki tare. Sai kaya ya isa wurin mai shi sannan a gane. Kamfanin ya haɗa kai da wani masani a Jami'ar Carnegie Mellon, John McDermott, aka rubuta manhajar da aka sani da XCON, wadda ta fara aiki a 1980. Aikinta kawai shi ne ta duba oda ta ce: wannan ba ya tafiya da wancan, kuma an manta da kaza.

A 1996 kamfanin Dell ya buɗe wa masu saye shafin intanet inda kowa zai zaɓi sassan kwamfutarsa da kansa, farashi na sauyawa a gabansa. Daga nan irin wannan manhaja ta zama sana'a mai zaman kanta, wadda 'yan kasuwar fasaha ke taƙaitawa da haruffa uku, CPQ: a haɗa kaya daidai, a lissafa farashi, a fitar da takardar farashi.

Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Oracle ya sayi BigMachines, mai irin wannan manhaja, a 2013. A shekarar ce SAP na Jamus ya sayi Hybris, mai manhajar shagon intanet, sannan a 2018 ya ƙara da CallidusCloud a kan dala biliyan 2.4. Salesforce ya sanar da sayen SteelBrick a ƙarshen 2015, ya kuma sayi Demandware a 2016 a kan dala biliyan 2.8. Dalilin wannan rige-rige ɗaya ne: kamfanoni sun gano cewa shago daban, mai lissafin farashi daban, littafin kaya daban, ba ya haifar da komai sai rigima da masu saye. Suna son abubuwan su riƙa magana da juna.

Duk waɗannan manhajoji a yau suna zaune ne a abin da ake kira girgije, wato manyan kwamfutocin da kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google ke bayarwa haya ta intanet. Ɗan kasuwa ba ya buƙatar ajiye kwamfuta a shago. Wayarsa ta isa.

Inda ɗinkin ke ɓarkewa

Masu sayar da manhaja kan nuna haɗa waɗannan sassa kamar latsa maɓalli ɗaya ne. Ba haka ba ne, kuma wuraren da ɗinkin ke ɓarkewa sanannu ne.

Na farko shi ne sunan kaya. Idan a shafin talla an rubuta "babban faifai," a littafin sito an rubuta "mai 550," mai lissafi kuma ya san shi da sunan kamfanin da ya ƙera shi, to kwamfuta za ta ɗauka kaya uku ne daban. Dole kowane kaya ya samu lamba ɗaya da kowa zai san shi da ita. Aiki ne mai gundura, babu wanda ke yanke ƙyalle a kansa, amma idan ba a yi shi ba sauran duk aikin banza ne.

Sai farashi. Dole ya kasance wuri ɗaya ake rubuta shi, sauran sassa su ɗauka daga can. A Fabrairun 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta rufe wani babban kanti a Abuja na ɗan lokaci saboda farashin da ke manne a kan kanta ya saɓa da wanda ake caja a wurin biya. Ko da gangan ne ko sakaci, abin da mai saye ke gani ɗaya ne: an faɗa masa kaza, an karɓi kaza. Dokar da ta kafa hukumar ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana farashin abin da ya baje, kuma babu inda ta ce banda wanda ya baje a waya.

A Najeriya kuwa farashi na da wata matsala da takwarorinsa na Turai ba su cika sani ba. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a kasuwar hukuma. A cikin 2024 ta wuce naira 1,500. Faifan sola da inbata da batir kusan duk daga waje ake shigo da su. Ɗan kasuwar da ya ba da farashi ranar Litinin, mai saye ya tafi ya sayar da buhunan shanshera ya dawo bayan mako uku, to ɗaya daga cikinsu zai yi kuka. Takardar farashi ta gaskiya dole ta faɗi ranar da aka rubuta ta da ranar da za ta daina aiki, kuma tsarin ya riƙe wa mai saye kayan a sito na tsawon wannan wa'adi. Idan ba a haɗa takardar da lissafin sito ba, za a yi wa mutum uku alƙawarin famfo ɗaya.

Akwai kuma biya. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa ƙauyuka da dama tura kuɗi ta waya, kuma yanzu da wuya a shiga kasuwa a Kebbi ba a ga na'urar POS ta Moniepoint ko OPay ba. Amma tare da wannan ci gaba aka samu alat na bogi da hoton rasit da aka gyara. Inda aka haɗa takardar farashi da kamfanin karɓar kuɗi irin su Paystack ko Flutterwave, ba mai shago ne zai zauna yana duban hoton da aka turo masa ba. Tsarin ne da kansa zai tabbatar kuɗi sun shiga, sannan ya mayar da takardar ta zama oda. Kafin alƙalami ma haka: a rubuta nawa aka bayar, nawa ya rage, yaushe za a cika.

Kuɗin kai kaya shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Kai famfo cikin garin Kalgo, da ke bakin titin Birnin Kebbi zuwa Jega, ba daidai yake da kai shi wani ƙauye a bayan Kambaza ko Dalijan da damina ba. Manhajojin waje sun ginu ne a kan lambar gida da sunan titi. A nan adireshi shi ne "bayan makarantar firamare, a tambayi gidan mai unguwa." Wanda zai gina tsarin da zai yi aiki a Gwandu sai ya lissafa kuɗin mota da sunan gari da ranar kasuwa, lokacin da motoci ke shiga.

Ba masu sola kaɗai ba

Mai walda da ke ƙera ƙofa da taga yana cikin wannan hali: faɗi da tsawo, kaurin ƙarfe, irin makulli, fenti. Kafinta mai haɗa kayan ɗaki ma haka, kuma duk uban da ya taɓa aurar da 'ya ya san yadda farashin gado da sif da madubi ke tashi tsakanin ranar da aka yi magana da ranar jere. Tela, mai buga bulo, mai haƙa rijiyar burtsatse, duk sana'arsu ta "ya danganta" ce.

Sai kuma babbar dukiyar yankin, wato amfanin gona. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Nuwamban 2015, kuma a Disamban 2016 shinkafar Lake Rice, ta haɗin gwiwar jihohin Legas da Kebbi, ta shiga kasuwar Legas. Abin da ya sa mutanen Legas suka yi layi a kanta ba ɗanɗano kaɗai ba ne. An san nauyinta, an san kuɗinta: buhu mai kilo 50 naira 12,000, mai kilo 25 naira 6,000, mai kilo 10 naira 2,500. Mai saye da ke nesa da gonar da ɗaruruwan kilomita ya san abin da zai samu kafin ya fito daga gida. Shirin bai ɗore yadda aka so ba, amma wannan darasin bai tsufa ba.

Yanzu a kwatanta da mai gidan abinci a Ibadan ko Fatakwal da ke son albasa daga Aliero ko Gwandu. Buhu nawa ne? Wane buhu? Cike da toliya ko a shafe? Sabuwar cira ko wadda ta kwana a rumbu ta bushe? Manya ko ƙanana? Wa zai biya 'yan dako da la'adar dillali da kuɗin hanya? Idan ta ruɓe a mota, asarar wa? Muddin ba a iya amsa waɗannan a rubuce ba, cinikin biri a sama ne, kuma babu mai hankalin da zai tura miliyoyi a kansa sai ta hannun wanda ya sani ido da ido. Shi ya sa ribar ke tsayawa a hannun 'yan tsakiya ƙalilan.

Mutanen Gwandu ba sa buƙatar Amurka ta koya musu wannan. A garin da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya karantar, duk ɗalibin da ya kai babin ciniki a littattafan fiƙihu ya san cewa sayen abin da ba a gani ba, ko ba da kuɗi a ƙera wa mutum abu, yana da sharuɗɗa: a san siffar kayan, a san adadinsa, a san farashi, a san wa'adi. Takardar farashi ta zamani waɗannan abubuwa huɗu take ɗauke da su, ba ƙari.

Masu ja da baya na da hujja

Ba kowane ɗan kasuwa ne zai yi murna da wannan magana ba, kuma bai kamata a raina dalilansu ba.

Wasu za su ce ciniki a ƙasar Hausa tayi ne da albarka. Idan kwamfuta ta yanke farashi, ina daɗin kasuwa, ina ragin da ake yi wa maƙwabci da suruki da tsohon abokin hulɗa? Amsar ita ce manhajojin nan an gina su ne tun asali don cinikin da ake tayawa. Mai shago na iya cewa yaronsa na da ikon rage kashi kaza, abin da ya wuce haka sai an tambaye shi. Na iya ware farashin 'yan sari da na masu sayen ɗai-ɗai. Abin da tsarin ke hanawa shi ne a sallama kaya ƙasa da uwar kuɗi cikin rashin sani, abin da ke karya ƙananan shaguna a ɓoye.

Wasu na tsoron abokin hamayya zai ga farashinsu. Ai yanzu ma yana gani. Yaro kawai zai tura ya tambaya.

Tsoro na uku ya fi nauyi: abin da aka rubuta, mai karɓar haraji na iya gani. Ɗan kasuwar da ke biyan kuɗaɗe iri-iri a kasuwa da kan hanya ba tare da ya ga amfaninsu ba yana da dalilin ƙin barin sawu. Wannan ba matsalar da manhaja za ta warware ba ce. Idan hukumomin haraji suka mayar da rubutun ciniki tarkon kama ƙananan 'yan kasuwa, kowa zai koma "biyo ni ta ciki," kuma ba za a ga laifinsa ba.

Akwai kuma dillalai, waɗanda wasu masu zumuɗin fasaha ke magana a kansu kamar cuta ce da za a kawar. Dillalin albasa na gari shi ne ya san wane manomi ne ba ya cusa ruɓaɓɓiya a tsakiyar buhu. Wannan sani ba ya cikin kowace kwamfuta. Tsarin da ya ba shi matsayin mai tantance kaya, da la'adarsa a rubuce a fili, zai fi tsarin da ya yi ƙoƙarin tsallake shi daɗewa.

Abin da bai kamata a yi ba

Babban haɗarin shi ne wani ɗan kwangila ya shawo kan gwamnati ko wata ƙungiya a sayo babbar manhajar waje, a yi biki, a raba kwamfutoci, bayan shekara a nemi shafin a rasa. Manhajojin Salesforce da Oracle da SAP ana biyansu ne da dala, kowane wata ko kowace shekara, galibi bisa yawan masu amfani, sannan a biya ƙwararrun da za su saita su. An yi su ne don kamfanonin da ke da dubban ma'aikata. Shagon sola mai yara huɗu a Kalgo ba shi da abin yi da su.

Akwai hanyoyi masu sauƙi. Odoo na Beljiyam da ERPNext na Indiya duk suna da nau'in da kowa zai iya ɗauka kyauta ya gyara, kuma suna haɗa shago da sito da takardar farashi wuri ɗaya. WhatsApp Business na da jerin kaya tun 2019, kuma a nan ne masu sayen suke, don haka ƙofar shiga ta kasance can, ba wani sabon shafi da za a ce manomi ya yi rajista da imel ba. Tambayoyin su kasance da Hausa, gajeru, kuma a bar wa wanda ba ya karatun boko damar amsawa da murya ko ta hannun wakili.

Dole kuma a yi tanadin ranar da babu sabis. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni a Najeriya suka yi kwanaki suna ɗingishi. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa gaba ɗaya a maƙwabciyar jiha, Zamfara, saboda matsalar tsaro. Ko ba a kai nan ba, duk wanda ya taɓa hawa tudu a ƙauye yana ɗaga waya sama ya san girgije ba kullum yake kusa ba. Manhajar da za ta yi amfani a nan sai ta iya lissafi a cikin waya ba tare da intanet ba, ta aika idan sabis ya dawo, ta kuma iya fitar da takarda ko saƙon tes da mutum zai riƙe a hannu.

Sannan bayanan mutane. Tsarin da ya san faɗin gonar manomi, da inda take, da nawa ya biya, da lambar wayarsa, ya san abin da ɓarawo da mai garkuwa da mutane za su so su sani. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai tara irin waɗannan bayanai alhakin tsare su. A yankin da tsaro ke da rauni, wannan ba maganar cika takarda ba ce. Kada a tambayi abin da lissafin ba ya buƙata.

Wa zai fara

Aikin farko ba na masu rubuta manhaja ba ne. Na ƙungiyoyin sana'a ne: masu haɗa sola, masu walda, kafintoci, 'yan albasa, masu casar shinkafa. Su zauna su rubuta ƙa'idojin da ke kawunansu. Wane famfo ne ke tafiya da wane zurfi, buhun albasa kilo nawa ne, me ake nufi da "mai kyau" da "matsakaiciya." Za a yi gardama, domin wasu na cin abinci ne daga rashin tabbas ɗin. Amma ƙungiya ɗaya da ta yarda da ma'auni ɗaya na iya hayar tsari ɗaya ta raba kuɗin tsakanin mambobi hamsin, abin da shago ɗaya ba zai iya ba.

Masu iya ginawa kuwa suna nan kusa. Mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a Kalgo yake. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar na Aliero, tsakiyar ƙasar albasa. Ga kwalejin fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Kowace shekara ɗaliban kimiyyar kwamfuta na rubuta ayyukan kammala karatu da ke ƙarewa a kan kanta suna shan ƙura. Babu abin da ya hana shugabannin sassan su tura su shagunan sola da wuraren walda su zauna wata guda suna sauraron yadda maigida ke yi wa mai saye tambayoyi, su mayar da tambayoyin manhaja, a gwada ta a shago na gaskiya kafin a ba da maki. Matasan da aka horar a shirin 3MTT na ma'aikatar sadarwa ta tarayya, waɗanda da yawansu ke neman aikin da za su nuna, su ma ga filin.

Rabon gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo bai wuce abubuwa kaɗan ba, amma babu mai iya yin su sai su: sikeli amintacce a kasuwannin amfanin gona, sauƙaƙa wa kamfanonin sadarwa izinin shimfiɗa waya da kafa turaku, da kuma zama abin koyi a sayayyarsu. Duk lokacin da gwamnati za ta sayi famfunan sola ta raba wa manoma, ta tilasta wa ɗan kwangila ya nuna, gona bayan gona, cewa famfon ya dace da zurfin ruwan wurin. Famfo iri ɗaya ga manomin bakin kogi da na kan tudu rabon kaya ne kawai, ba taimakon noma ba.

Manoman rani kan fara neman injina da tiyo ne da zarar an kawar da amfanin damina, wajen Oktoba da Nuwamba, kuma a lokacin ne shagunan ke cika har maigida ba ya samun sukunin amsa waya. Ƙungiyar da ke son gwada wannan tsari a kakar bana sai ta kammala rubuta jerin kayanta da tambayoyinta tun ruwa bai ɗauke ba, ta fara da kaya iri ɗaya, famfo, a shaguna biyu ko uku, ɗaya a Kalgo, ɗaya a Gwandu, ta kuma ƙirga famfo nawa aka dawo da su a ƙarshen kaka idan aka kwatanta da bara.